Giyar da Aka Toshe wa Baki

Kwana goma sha ɗaya da saukata Guangzhou aka cire mini haƙori. Ba likita ne ya cire shi ba, takalmin wani ƙato ne, a hawa na tara na wani dogon bene da ke Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke sayayya. Injin ɗura zoɓo da kunun aya a kwalba na je saye, in koma Kano in kafa 'yar sana'ata. Wani dillali Bakano, mai farar shadda da baƙin tabo a goshi, shi ya tarye ni tun daga filin jirgi. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya san shi. Ya karɓi abin da na zo da shi da sunan zai biya masana'anta, ya karɓi fasfona da sunan zai ƙara mini kwanakin biza. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Da na gano ofishinsa na tarar yana cin shinkafa da kaza, ya naɗe hannun riga. Ni kuwa tun ina yaro ba ni da birki idan raina ya ɓaci. Na ture farantin, na shaƙi wuyan shaddar.

"Alhaji, injina ko fasfona. Yau sai ɗaya ya fito."

"Kai, wa ya san ka? Ku fitar mini da mahaukacin nan!"

Mutum biyu suka ɓullo daga bayan kwalaye. Ɗaya ya riƙe ni ta baya, ɗayan ya yi ta kirɓar cikina kamar an aiko shi. Da na faɗi suka koma sa ƙafa. Na ji ƙas a bakina, na tofar da haƙori a kan tayil. Suka ja ni zuwa matattakala suka hankaɗa, na gangara da kai da gwiwa har inda ta yi kwana. Mutane suna hawa suna sauka da ledojinsu, kowa ya zo sai ya tsallake ni ya wuce.

Wanda ya tsaya wani dattijo ne ɗan dako, siriri, da furfura a gemu da kwali a kafaɗa. Ya sauke kwalin, ya tsuguna, ya cire hularsa ya danna mini a baki don jinin ya tsaya.

"Subhanallahi. Mi ka yi musu, ɗana? Bon, kar ka yi magana. Tashi mu tahi."

Shi ne Baba Habu, mutumin Maraɗi. A kan amalankensa ya ɗora ni, tsakanin kwalayen takalma, ya tura ni har Dengfeng, unguwarsu da ke nan kusa, ina zubar da jini ana kallo.

Ɗakin nasu ɗaya ne a hawa na huɗu, mutum biyar a ciki, na zama na shida. Bango yana zufa saboda laima, kaya ba sa bushewa. Baba Habu ne limamin ɗakin, shi ne mai raba rigima, shi ne kuma mai dafa shayi. Mutum ne da ko shagon abincin da ya hango kwalbar giya a firjinsa ba ya shiga, ya gwammace ya ci burodi da ruwa. Sati biyu yana dama mini koko da garin da aka aiko masa daga gida, saboda ba na iya tauna.

Ranar da bakina ya fara buɗewa ya tambaye ni asalina. Na ce sunana Yusuf, daga wajen Ƙaraye.

"Iyaye suna nan, Isuhu?"

"Sun rasu, Baba."

Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, 'yan ɗaki suka shafa, ni ma na shafa. Rabin maganar gaskiya ce, ubana ya rasu. Innata kuwa tana nan da ranta a ƙauyenmu, Bamagujiya ce, kuma burkutu take dafawa tun kafin a haife ni. Nomau ta raɗa mini. A gindin tukwanenta na yi rarrafe, ni nake juya mata tsiron dawa a rana, ni nake iza wuta. Ina ɗan shekara goma sha shida na shiga Kano, na musulunta, kuma ban taɓa nadamar hakan ba. Abin da na yi wanda ba addini ne ya sa ni ba shi ne na shafe ta. Na gaji da jin yadda ake kwashewa da dariya idan an ambaci irinmu, sai na ga ya fi sauƙi in ce ta mutu. Shekara goma sha biyu ban taka ƙauyen ba.

Ba fasfo, ba biza, ba abin komawa. Masu duba takardu idan suka shigo layi, sai ka ga manyan mutane suna haura katanga suna karya ƙafa. Na bar tsakiyar gari na riƙa bin motar haya zuwa bayan gari, inda ƙananan masana'antu suke, ina tambayar aiki da hannu. Ko'ina amsa ɗaya ce, "Meyo," wato babu. Wata rana da hantsi, yunwa tana cina, ina tafe a wani lungu mai rumfunan kwano, sai iska ta kawo mini wani ƙamshi da ya tsayar da ni cak. Ƙamshin tsiro ne a kan wuta. Mai zaƙi-zaƙi, mai ɗumi, irin na tsakar gidanmu ranar jajiberin kasuwa. Na bi shi kamar kare har ƙofar wata rumfa, na tsaya ina kallon manyan tankunan ƙarfe suna tururi. Ban san hawaye nake yi ba sai da na ji gishiri a gurbin haƙorina.

Mai wurin ya fito, gajere mai faɗin ƙirji, da takalmin roba har gwiwa. Kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. Ya yi magana a wayarsa, wayar ta fassara mini: me nake nema? Na ce aiki. Ya nuna mini tulin kwalabe. Na san abin da ake dafawa a wurin, hancina ya gaya mini tun daga bakin lungu. Na ce wa kaina ai wanki kawai zan yi, ba sha ba. Da na koma ɗaki na ce na samu aiki a kamfanin lemo, Baba Habu ya yi hamdala har da rungume ni.

Giya iri ɗaya Lawban yake ji da ita. Ya ce a Beljiyam ya koyo ta, ya yi shekaru can yana bauta wa masu ita. Ni da na saba ganin burkutu ja mai kauri kamar kunu, ranar da ya fara tsiyaya tasa a kofin gilashi mai tumbi sai da na matso. Launinta na man gyaɗa ne da aka tace, garau, kana hango yatsanka ta bayan kofin. 'Yan ƙwayoyin iska suna tasowa daga gindi ba sa yankewa, kumfa fara fat ta taru a sama ta yi tozo, ta ƙi kwanciya. Ya miƙo mini. Na girgiza kai na ce ni Musulmi ne. Ya ce to shinshina.

Na shinshina. Na ce akwai ayaba da ta nuna sosai, akwai kanumfari, akwai ɓawon lemo, can ƙasa kuma akwai masoro. Ya zaro ido. Ya ce bai zuba ko ɗaya daga cikinsu ba, duk aikin yis ne, sinadarin da ke tsimar da ita, amma abin da ake nema ke nan a ji. Ya ce sha'ir ne fari da sukari, sukarin kuma ba don zaƙi ba, don ya narke ya zama ƙarfi. Ƙarfinta ya ninka na giyar kanti, amma ba ta nunawa. Na gani da idona a wajen masu zuwa ɗanɗanawa: mutum zai sha kofi biyu yana hira yana cewa ai wannan lemo ce, ya miƙe, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Munafukar giya ce, tana yi maka murmushi tana naɗe hannun riga.

Daga ranar ya sa mini suna Bizi, wato hanci. Kwalbar da ba ta wanku ba, ni nake ganewa. Tankin da ya fara tsami, ni nake fara ji. Ban taɓa kai ta bakina ba ko ɗigo. Kullum kafin in tafi sai na yi wanka da sabulu, na canja kaya, na shafa turare. Akwai wata tsohuwa mai liƙa takarda a jikin kwalabe, Ayi muke ce mata. Ita ta lura ba na cin abincinsu, ta sayo mini sabon kwano da ba a taɓa zuba alade a ciki ba, ta ɗaura masa jan zare don kada a haɗa. Ranar Juma'a takan kawo mini taliya daga shagon Musulmin ƙasar. Ba ma jin yaren juna. "Shiye-shiye", wato na gode, kawai na iya ce mata, ita kuma ta daki kafaɗata.

Ana nan sai sito ɗin da Baba Habu yake wa dako ya rufe. Ga shi gwiwarsa ta fara ciwo, matasa suna ƙwace masa kaya a bakin benaye. Wata guda ina kallonsa yana fita da amalanke yana dawowa da shi wayam, yana cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri. Shi kuwa Lawban yana da ɗan ɗakin ajiya a cikin gari, kusa da unguwarmu, yana neman mai tura kwalaye daga can zuwa ƙofofin baya na gidajen cin abinci, ta lungunan da mota ba ta shiga. Kwalayen a liƙe suke, rubutun duk na Sinanci, ba wari. Na ce wannan aiki ai na Baba ne.

"Mi ke ciki?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Ruwan tuffa ne mai gas, Baba. Na masu kuɗi."

"To madalla. Allah shi yi ma albarka, Isuhu. Ka ga amfanin ɗa."

Ina so in ce tausayi ne ya sa na yi masa ƙarya, kuma akwai tausayin. Amma na san hukuncin mai ɗaukar giya a wurinsa daidai yake da na mai shanta, kuma na san da na faɗa masa gaskiya, tambaya ta biyu ita ce ni me nake yi a can. Wata uku dattijon nan yana tura giya a titunan Guangzhou yana salati.

Da bazara ta kawo, lokacin babbar kasuwar baje koli ta Pazhou, baƙi suka cika gari, odar Lawban ta fi ƙarfinsa. Ita giyar nan ba a gaggawa da ita. Sai ta gama tsimuwa a tanki tsaf, sannan a ƙara mata ɗan sukari kaɗan, a ɗura a kwalba mai kauri, a toshe, ta ƙarasa yin gas ɗinta a ciki. Wata safiya na zo na tarar ana jan tiyo zuwa tanki na uku za a ɗura. Na buɗe ɗan famfon na shinshina. Zaƙi ya yi yawa, ƙamshin kunu yana nan bai gushe ba. Na manna kunnena a jikin ƙarfen, yadda Inna take yi wa tukunyarta, na ji shi can ciki, sir-sir-sir.

Inna ba ta taɓa barin a rufe burkutunta ruf. Mai saye idan ya zo da jarka, sai ta kwance murfin da hannunta ta ce, "Ka bar mata wurin numfashi, ba ta gama magana ba." Wani ya taɓa ƙin ji, jarkar ta tashi da shi a kan keke.

Na je na samu Lawban, na ce a wayar da ke yi mana fassara, "Ba ta gama ba. A ba ta kwana biyar."

Ya ce na'urarsa ta ce ta kusa. Na ce kusa ba gamawa ba ce, idan aka toshe ta haka, ga zafin garin nan, kwalaben za su fashe. Ma'aikata suka tsaya suna kallonmu. Ina jin abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, mai wankin kwalba baƙar fata yana koya masa aikin da ya tsallaka teku ya koyo. Na sa hannu na rufe famfon. Sai ji na yi bakin tiyo na ƙarfe ya sauka a gefen kaina. Na durƙusa. Ya ƙara mini a kafaɗa, ya ƙara a baya, yana ihu da yarensu, har sai da Ayi ta shiga tsakani ta riƙe tiyon. Ya nuna mini ƙofa, ya nuna mini kwalabe, wato in zaɓa. Ina zan je? Na goge jinin kunnena, na ɗura giyar da hannuna, kwalba bayan kwalba, ina jin tana tsuwa kafin murfi ya danne ta.

Kwana goma sha takwas ba abin da ya faru, har na fara cewa ko hancina ne ya yi ƙarya. Aka kwashe rabin kwalayen aka kai ɗakin ajiya na cikin gari. Ran na goma sha tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana ta buɗe da irin zafin nan mai laima da ke sa mutum ya ji kamar a cikin tukunya yake. Ayi tana ɗaga wani kwali a ɗakin da muka jibge sauran rabin a rumfa, sai muka ji tau! kamar an harba bindiga. Kafin mu juya wata ta amsa, wata ta amsa. Ayi ta fito da gudu tana riƙe da hannunta, gilashi ya tsaga shi daga wuyan hannu har gwiwa, naman ya buɗe fari kafin jini ya rufe shi. Kumfa tana malala daga ƙarƙashin ƙofa, rumfar duk ta ɗauki ƙamshin ayaba da kanumfari.

Na ɗaure mata hannun da rigata, sannan Baba Habu ya faɗo mini a rai. Ƙarfe goma sha ɗaya yake lodi.

Na zaro waya. Lawban ya fizge ta. Ya ce kada kowa ya ji, gidajen abincin suna da firji, da an sa su a sanyi shi ke nan. Na ce ba ni wayata. Ya sa ta a aljihu. Wallahi ban san lokacin da na yi masa karo a hanci ba. Muka faɗi cikin kumfa da fasassun kwalabe muna birgima, yana cizon hannuna, ina buga kansa da siminti. Na danne masa wuya da gwiwa na zaro wayar, na bar shi yana tari, na fita a guje ba riga, sai da na warci wata a kan igiya.

Bugu biyu ya ɗauka.

"Baba, kana ina?"

"Ga ni bakin gadar nan ta masu tahiya ƙasa, na ɗauko kwali goma. Lahiya kake haki?"

"Ka ajiye amalanken nan, ka yi nesa da shi. Yanzu-yanzu."

"In bar kayan mutane bisa titi? Mi ya hwaru?"

"Kwalaben ne za su fashe."

Ya yi dariya. "Ruwan tuhwa ne zai hwashe? Wata uku ina tura shi, ko guda ba ta tsage ba. Amana ce, Isuhu. In na matsa, masu share titi su kwashe amalanken da kayan duka. Bon, ina nan zaune gefensu har ka iso."

Kalma ɗaya ce ta rage. Na san mutumin nan. Da na ce masa giya ce, da ya saki amalanken kamar ya taɓa wuta, ya tsallaka titi yana istigfari, ko waiwaye ba zai yi ba. Kalmar ta zo har bakina, ta tsaya a gurbin haƙorin nan. Na ce, "To kada ka taɓa su, ga ni nan."

Tafiyar minti arba'in ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wayar tana hannuna duk tsawon hanyar. Sau biyu ina danna lambarsa ina kashewa kafin ta shiga. Ina ta lissafin yadda zan isa in janye shi da dabara, in ce gas ne ya yi yawa, asirina ya tsira, shi ma ya tsira. Mutane suna ja da baya daga inda nake saboda jinin da ke jikina. Ban taɓa tsanar kaina kamar a cikin jirgin nan ba, amma duk da haka ban buga ba.

Na fito daga tashar Xiaobei da gudu, na hango shi. Amalanken yana cikin rana tsaka. Kwalin ƙasa ya jiƙe yana ɗiga, shi kuma ya ga kayan amana suna lalacewa, ya tashi ya yanka liƙin kwalin sama da 'yar wuƙarsa, ya sunkuya yana leƙawa.

"Baba! Matsa! Giya ce!"

Ya ɗago ya dube ni. Na ga kalmar ta isa gare shi, na ga fuskarsa ta canja. Sannan kwalin ya tashi.

Ƙarar ba ɗaya ba ce, jere take, ta-ta-tau, kowace kwalba tana tayar da 'yar'uwarta. Ya yi baya ya faɗi zaune, hannu biyu a fuska. Mata suna ihu, masu shaguna suna jan ƙofofi. Na faɗa kansa na kama shi ta hammata ina ja, sai kwali na biyu ya amsa. Na ji kamar an watsa mini tafasasshen yashi a kumatu da wuya. Wani abu mai sanyi ya cika mini baki, na haɗiye kafin in sani.

Ranar na san ɗanɗanonta. Da farko laushi, da ɗan zaƙi kamar an ɗiga zuma a ruwa, gas yana tsikarin harshe. Sai yajin masoro ya biyo, sai ɗaci siriri ya share komai ya bar bakin a bushe. Can kuma ɗumi ya sauka a ƙirji a hankali, kamar ba shi ba. Bayansa sai gishirin jinina. Ina riƙe da dattijon da ya ɗauke ni daga matattakala, jini yana bin tsakanin yatsunsa yana shiga gemunsa, farar kumfa tana tsuwa a kan rigarsa, ni kuma harshena yana aikinsa yana rarrabe mini ayaba da kanumfari.

Idonsa na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagun likitoci suka ceto rabinsa, yana ganin haske da inuwa. Ni ɗinki goma sha wani abu aka yi mini a fuska da wuya. Kwana uku ban iya zuwa gadonsa ba, ran na huɗu na je na tsaya. An naɗe masa kai da bandeji, carbi a hannu.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Baba."

Ya ajiye carbin.

"Tun yaushe ka san giya ce?"

"Tun ranar farko."

"Da ka ce giya, Isuhu. A waya. Kalma guda. Da na bar ta nan na tahi."

"Na sani."

"Kai kuma wa ya koya ma sanin za ta hwashe?"

"Innata. Sana'arta ke nan."

"Wadda muka yi wa addu'a?"

"Tana nan da ranta."

Ya ce in matso. Na matso. Ya miƙo hannu yana laluben fuskata, ya bi ta kan ɗinkin a hankali har ya gane inda kuncina yake. Sannan ya ɗauke ni da mari, irin marin ɗan dako, sai da ɗinki biyu suka ɓalle.

"Wanga na uwarka ne," in ji shi. "Nawa na bar ka da Allah. Kar ka ƙara ce mini Baba."

Masu duba takardu suka zo asibitin suka yi aikinsu. Aka tsare ni na wani lokaci, sannan aka sa ni a jirgi. Shi kuwa Baba Habu 'yan ƙasarsu ne suka haɗu suka mayar da shi Maraɗi, an ce wani ne yake riƙe masa sanda. Na buga lambar gidansa sau da yawa. Da sun ji muryata sai su kashe.

Ban tsaya Kano ba sai kwana biyu. Na hau mota zuwa Ƙaraye, na hau babur, na ƙarasa da ƙafa. Jajiberin kasuwa ne, tun daga bakin rafi na jiyo ƙamshin. Na same ta a tsugune, ta tsufa, ta rame, ta manna kunne a jikin tukunya. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba.

"Nomau."

"Na'am, Inna."

Ta taso ta kama haɓata, ta juya fuskar tawa wajen haske, ta bi tabon da babban yatsanta.

"Wannan kwalba ce. An toshe mata baki ba ta gama ba. Kai ba ka ji tana magana ba?"

"Na ji, Inna."

"To?"

"Na gaya wa mai ita. Wanda ya ɗauka ne ban gaya wa ba."

Na ba ta labarin duka a tsaye, har da addu'ar da aka yi mata a ɗakin Dengfeng. Da na zo kan idon Baba Habu sai ta sauke hannunta daga fuskata.

"Shekara arba'in ina sayar da abin nan," in ji ta. "Ana zagina, ana toshe hanci. Amma ban taɓa miƙa wa mutum ƙwarya ban gaya masa abin da ke ciki ba."

Ta koma gindin tukunyarta, ta ɗaga faifan da ke kai ta ɗan karkata shi, ta bar ni a tsaye da jakata a hannu.